Ludayin Silba a Bakin Tafki

Ni da ban taɓa zama na kalli ƙwallo ba, da katin 'yan kallon ƙwallo na shiga Katar. A watan nan na gasar cin kofin duniya an dakatar da bizar ziyara, sai mai tikitin wasa ake bari ya shigo, don haka aka saya mini tikiti ɗaya. Surukata, matar ɗana, ita ce ta zo ɗaukata a filin jirgin Doha, tare da wani abokin mijinta, Bahaushen Zangon Kumasi, dogo mai yawan dariya. Yana karɓar jakata ya rataya mini wani gyale mai ja da rawaya da kore a kan hijabi.

"Mma, tikitin wasan Gana ne aka saya miki, halas, shi ke nan, kin zama tamu. 'Yan Najeriya ai a gida muka baro su suna kallo a talabijin."

Na yi masa godiya. Ban san zolaya ce ba sai da surukata ta yi dariya.

Ba ƙwallo ta kawo ni ba. Ɗana na fari ne a can, yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A shekarar da korona ta rufe duniya wata mota ta buge tasa ta baya, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina ji. Ta waya na samu labarin, ba jirgin da ke tashi, ko masallacin unguwarmu a kulle yake. Ya daɗe a asibiti, ya fito a keke, kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya ɗauko shi, ya mai da shi aikin ofis. Malam mahaifinsa kuwa tun daga lokacin magana ɗaya yake yi: a dawo da yaron nan gida a zauna da shi. Har ɗakin da muke ajiye hatsi kusa da zaure ya sa aka kwashe, aka yi masa daɓen siminti, aka faɗaɗa ƙofar. Duk sanda aka yi maganar a waya sai yaron ya ce to, sai an kwana biyu. Da Malam ya gaji sai ya ce ni zan je, don ya san in na buɗe baki na ce a taho, ba zai musa mini ba.

Sai dai buɗe bakin ne aiki. A gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ranar da na yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, yadda ya ji ƙannena suna kirana. Ko a ajinmu na yaƙi da jahilci, da malama ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta a allo, daga na biyu na fara, ba kuma wadda ta tambaye ni dalili.

Gidansu a Umm Salal yake, can bayan gari, inda ake ganin dabino da gonakin da aka lulluɓe da leda. Da muka shiga ya turo kekensa har bakin ƙofa. Da can durƙusawa yake yi ya gaishe ni, yanzu sai ya sunkuyar da kai kawai.

"Yaya, sannu da hanya."

"An same ku lafiya?" na ce, ina kallon labule.

Ta wutsiyar ido na ƙare masa kallo. Ƙafafun sun sirance a cikin safa. Amma kafaɗun nan ban san su ba, sun buɗe kamar na mai faskare, har rigar ta yi masa kaɗan. Na yi ta mamakin abin da ke gina kafaɗar mutumin da ke wuni a zaune.

Sai da na huta kwana biyu na isar da saƙo. Muna zaune mu uku bayan la'asar, na dubi surukata.

"Ki gaya masa Malam ya ce ɗaki ya kammalu. Tare za mu koma."

Ya murza tayar keken da tafin hannu.

"Ki ce mata na ji," in ji shi. "Amma ki roƙar mini ita ta bari a yi iyon nan tukuna. In ta ga na kasa, zan bi ta, ba musu."

"Ni fa na gaji," surukata ta ce. "Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ni ce wayar. Ko kati ba wanda ya sa mini."

Na rufe baki da gefen mayafi. Da dariyar ta sake ni na tambaye ta, wane iyo kuma?

Ashe kuɗi za a tara wa masu ciwon laka, yawancinsu leburorin da za su koma ƙasashensu, a saya musu kekuna da irin katifar da ke hana gyambon kwanciya. Wannan na gane. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ina ruwan iyo da tara kuɗi. Mu in za a yi taimako faranti ake zagayawa da shi, ko a yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Wa zai biya mutum don ya jiƙa jikinsa? Kuma wanda ƙafafunsa ba sa motsi, da me zai yi iyon? Garinmu na bayan Malumfashi ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na kududdufi, shi ma kududdufin dukan yara muke yi in sun je.

Washegari suka tafi da ni wurin gwaji. Tafkin na wata makaranta ne a Gharrafa, an ba yara hutu saboda ƙwallo. Tafki a cikin ɗaki, da rufi, da fitilu, ruwan shuɗi har kana ganin layin da aka zana a ƙasansa, yana warin maganin wanki. Na tsaya na karanta allon bango a hankali, na gane lambobin zurfi, sauran Larabci ne da Turanci. Na tsuguna na taɓa ruwan. Da ɗumi, kamar an sirka wa jariri.

Mai kula da su wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, Kirista 'yar Jos, gajeriya, da usur a wuya. Hausarta tas. Ta riƙe hannuna biyu tana gaishe ni, ni kuma ban ɓata lokaci ba na zazzage mata tambayoyina.

"Mama, ba jiƙa jikin ake biya ba," ta ce. "Mutum zai je wurin abokan aikinsa da maƙwabta ya ce, zan shiga ruwa, ba zan tsaya ba har a busa usur. In na kai, me za ku ba marasa lafiya? Kowa ya yi alkawarin abin da zai iya."

"In bai kai ba fa?"

"Wasu za su bayar duk da haka, don tausayi. Shi kuma ɗanki tausayin ne ba ya so. Ya ce an tara masa ya isa, wannan karon shi zai tara wa wani."

Aka ɗora shi a wata kujera mai ƙugiya, ta juya da shi ta sauke shi cikin ruwa a hankali. Aka maƙala masa wani soso tsakanin cinyoyi. Ya kwanta rigingine. Ina jiran in ga ya nutse, sai na ga ruwan ya karɓe shi, ƙafafun nan da sai an ɗaga su da hannu a gida suka taso suna binsa a baya. Ya buɗe hannuwa ta gefe ya ja, ya sake ja, kansa a gaba, kamar kwalekwale. Nan na gane inda kafaɗun suka fito. A gida komai sai an miƙo masa ko an matsar masa, a nan kuwa ba mai riƙe da shi, kuma ya fi wani Bature mai ƙafafu biyu da ke layin kusa da shi sauri.

Abu ɗaya ne matsalar, 'yar Jos ta nuna mini. Kallon rufi yana sa shi jiri, don haka rufe ido yake yi, bai san ya iso bango ba sai an gaya masa. Ga ƙarafa a gadon bayansa.

"Ranar taron, in ya buga kai da bangon nan, ko sau ɗaya ne, fitar da shi zan yi. Ya sani. Shi ya sa kowane gefe sai an sa mutum ya kira sunansa da ƙarfi in ya matso."

Surukata tana can ɗaya gefen, ta kwaɗa masa kira da sunansa gatsal, har rufin ya amsa. Yaran yanzu. Ni har na tsufa ban taɓa kiran sunan Malam ba. A gefen da nake abokin nan ne ɗan Kumasi yake kira. Da aka fito da shi yana tsane fuska da tawul, sai na ji ya ce wa matarsa:

"Ki ce mata ranar ita nake so ta tsaya a nan. Daga kan benci ba za ta gani da kyau ba."

A mota na yi ta juya abin. Sunan ba zai fito daga bakina ba, wannan na sani. Ko da zai fito, muryata ba ta da nisa, a gida ma sai na aika yaro ya kira mini wanda ke tsakar gida. Sai kuma wata tambaya ta taso mini: shi wanda kunnuwansa ke cikin ruwa, me yake ji?

Da safe bayan ya tafi aiki na cika bahon wankansu, wannan dogon fari mai kama da kwamin shayar da shanu. Na ɗaura zani na shiga, na kwanta rigingine har ruwa ya rufe kunnuwana. Duniya ta yi tsit, sai bugun zuciyata da wani guuu mai nisa. Na kira surukata na ce ta yi mini magana. Ta leƙo, ta ganni, ta dafe ƙofa.

"Mama! Ke ma shiga gasar za ki yi?"

"Ke dai yi magana."

Na mai da kai. Ina ganin bakinta yana motsi, ba na jin komai. Da ta ɗaga murya sosai na ji kamar ana magana a bayan katanga. Tana cikin dariya zoben hannunta ya bugi bakin bahon, sai na ji ƙwal, tsaf a cikin kaina, kamar a kunnena aka buga. Na tashi zaune ruwa na zuba.

"Sake bugawa."

Ta sake. Na aike ta kicin ta kawo cokali, ta kawo muciya, ta kawo ludayin silba da na zo musu da shi tsaraba. Duk muka gwada. Ludayin ya fi.

A gwaji na gaba na je da shi a cikin jaka. Akwai tsanin ƙarfe da ke sauka cikin ruwa daidai layinsa. Da ya matso na buga sau biyu, ƙwal ƙwal. Nan take ya saki hannu, ya miƙa ɗaya baya ya dafa bango, ya juya. 'Yar Jos ta ce ita dai in ya ji, ba ruwanta da ko tukunya zan kawo. Ɗan Kumasi kuwa ya samu abin yi.

"Mma ta zo rabon koko! Cale, abokina, yi sauri, in ka makara sai ƙanzo."

Haka muka yi ta yi har ranar ta zo, ban ga ya kuskure ko sau ɗaya ba. Raina ya kwanta. Kullum Malam ya kira sai ya tambayi ranar tahowarmu, in ce masa akwai ɗan abin da ake jira.

Ranar taron wurin ya cika. An rataye tutocin ƙasashe a ko'ina, ga Larabawa da fararen riguna, ga 'yan Indiya, ga 'yan Filifin, ga kekuna jere a bakin bango kamar takalma a ƙofar masallaci. Masu iyon wasu lafiyayyu ne, wasu irinsa. Matan da ke cikinsu wasu sun rufe jiki har idon sawu, wasu kuwa sai na mai da idona kan ludayina. Ɗan Kumasi bai iso ba, an ce ranar Gana ke da wasa.

"Yalla, mu je!" in ji 'yar Jos, ta busa usur.

Da fari lafiya lau. Ya je, matarsa ta kira, ya dawo, na buga. Na lura da yadda yake shan iska, da yadda yatsunsa ke haɗe kamar mai ɗiban tuwo. Can da aka yi nisa jan ya fara gajarta, hannun hagu yana makara, bakinsa a buɗe. Wani dattijo a layin gefe ya ɗaga hannu aka fitar da shi. Ban san saura nawa a busa ba, agogon bangon mai hannu huɗu ne, ban iya karanta shi ba.

Sai ƙofa ta buɗe. Ɗan Kumasi ne da mutanen Zango sun fi a ƙirga, fuska duk fenti, da ganguna da kuge da wani dogon ƙaho na roba. Hanyar filin wasa suka nufa, suka ce ba za su wuce ba sai sun ƙarfafa wa ɗan'uwansu gwiwa. Suka jeru a bakin ruwa suka saki kiɗa. Rufin ya ɗauka ya mayar, daɓen da nake tsaye a kai yana rawa, mai kugen kuma ya jingina da ƙarfen da ya zagaye tafkin yana dukan nasa ƙarfen. Mutane suka tashi suna tafi.

Shi kuma ga shi tafe wajena, ido a rufe.

Na buga ludayi. Bai saki hannu ba. Na sake bugawa da duk ƙarfina, ni kaina ban ji ƙarar ba. Na waiga, 'yar Jos tana can ta sunkuya kan wata mai iyo. Na ce "Kai!" Ko wanda ke kusa da ni bai juyo ba. Sunan ya zo mini har bakin haƙora, na ji nauyinsa a harshe, kuma na san ko na sake shi gangunan nan za su haɗiye shi. Tsakaninsa da bango bai fi tsawon tabarma ba.

Ban san sanda na saki ludayin ba. Na kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen daɓen, na zura hannu cikin ruwa har kafaɗa, na manna bayan hannuna da bango. Kansa ya shigo tafin hannuna da nauyinsa duka. Zafi ya ratsa mini yatsu har gwiwar hannu.

Ya buɗe ido. Fuskata na saman tasa, a juye, hijabina ya jiƙe yana ɗiga masa a goshi. Ban da inda zan kawar da kai, ba labule, ba bango. Muka kalli juna.

"Juya," na ce. "Ba a busa ba."

Ya dafa bango ya juya.

Ban tashi daga wurin ba. Wata Balarabiya ta zo ta yafa mini tawul a ƙafafu, ta tafi. Duk zuwan da zai yi hannuna na nan, shi ma ya gane, in ya matso sai ya rage ƙarfi ya bar kan ya sauka a hankali. Rabona da riƙe kan nan tun yana da maɗiga mai laushi. Yanzu ya yi tauri, gashin ya fara sauka ta gaba irin na Malam. A bayan kunnen dama yatsana ya ci karo da wani tabo mai tsawo, tsohon tabo, ba na haɗarin mota ba. Da ya tafi na yi ta tunanin a ina ya samo shi. Da ya dawo na sake laluba wurin.

Ina cikin wannan aka busa usur. Na ji shi ne don masu ganga sun tsaya cak, sannan suka barke da ihu. Yana tsakiyar tafki, ya saki hannuwa ya bar ruwan ya riƙe shi, ƙirjinsa na hawa da sauka. 'Yar Jos ta zo ta ɗaga ni, ta duba yatsuna da suka fara kumbura, ta dube ni.

"Mama, kansa ya taɓa bango?"

"Bai taɓa ba."

"Na gani," ta ce. "Zo in sa miki ƙanƙara."

Wani yaro mai tsaron tafkin ya nutsa ya ɗauko ludayin daga ƙasa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ɗan Kumasi, da aka gaya masa abin da kiɗansu ya jawo, ya zo ya durƙusa gabana da fentinsa, yana ba da haƙuri. Na ce ya tashi kar su makara, Allah ya ba mu nasara, tunda an ce ni tasu ce.

A mota surukata ke tuƙi, shi yana gefenta, ni ina baya da hannu cikin ledar ƙanƙara. Hanya ta cushe da motoci masu tutoci. Ba wanda ya tayar da maganar tafiya, amma na ga yana satar kallona ta madubi. Ina kallon bayan kansa, tabon ya fito sarai da gashin ya jiƙe.

"Wannan tabon na bayan kunnenka, na mene ne?"

Surukata ta waigo har motar ta ɗan karkace.

"Ikon Allah. An sallame ni daga aiki ke nan, ba ko sanarwa?"

"Kalli hanya," in ji shi. Ya shafa wurin. "Mangwaron gidan Inna ne, Yaya. Reshe ya karye da ni. Ita ta ce kar a gaya miki."

"Ka yi kuka?"

"Sosai."

Muna isa gida, kafin in cire jiƙaƙƙen hijabin, wayar Malam ta shigo. Na koma ɗaki na ɗauka, amma ban rufe ƙofa ba. Ya tambayi abin da ake jira, ko an yi shi. Na ce an yi. Ya ce to yaushe za mu taso.

"Ni kaɗai zan taso, Malam."

Can ya ce, "Ya miƙe ne?"

"Bai miƙe ba. In na zo zan ba ka labari, da tsawo. Ɗakin nan dai a mai da dawar ciki kafin ɓeraye su gama da ita a rumfa."

Daga falo na ji tayar keken ta motsa, ta nufi kicin, yana tambayar matarsa ko akwai sauran tuwon jiya.